Ƙulli Uku a Bakin Hannun Riga

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai Yaya ta cika zafin kai, to ga shi nan. Ku karanta har ƙarshe tukuna, sannan mai bakin magana ya yi.

*

Ko takalmi Yaya ba ta cire ba. Kwana biyu kacal ta yi ba ta gida, ta je kai rigunan 'yan makaranta da ta karɓi aikin ɗinkinsu, amma tun a bakin ƙofa ƙanwarta Auta ta tare ta da maganar da ta sa jaka ta suɓuce mata.

"Baba bai ci abinci ba."

"Yau?"

"Tun abincin ranar shekaranjiya."

Yaya ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata.

"Shekaranjiya? Ke Auta, shekaranjiya kika ce? Wayarki ce ta faɗa rijiya ko yatsunki ne suka karye?"

"Na ɗauka zai ci ne..."

"Kin ɗauka! Mai ciwon suga ake yi wa 'na ɗauka'? Maganinsa fa?"

"Ai ba a sha sai da abinci."

"Sannu likita. Ashe ma kin sani."

Ta bangaje ta, ta leƙa ɗakin Baba. Yana zaune a bakin gado, ya juya fuska wajen taga duk da idanun sun shekara uku da daina gani. Hannunsa na dama a buɗe a kan gwiwa, yana jira. Shayin safe da biredi na nan a gefe, ƙuda na yawo a kai, leɓɓansa duk sun bushe. Yaya ta san abin da hannun nan yake jira.

Tsohon tela ne Baba, shekara arba'in yana taka keke. Duk rigar da ta fito daga hannunsa, sai ka tarar da alamarsa a cikin bakin hannun dama: ƙananan ƙulli uku a jere, da zare mai kauri. Da ido ya tafi, hankali kuma ya koma yau yana nan gobe ba ya nan, sai ya daina yarda da kowa in ban da matarsa. Ba ya cin abinci sai daga hannun Umma. Kuma ba da murya yake gane ta ba, da rigar girkinta yake gane ta, shuɗiya mai ƙananan fararen furanni, wadda shi ya ɗinka mata da hannunsa. Zai miƙo hannu, ya laluba bakin hannun rigar, ya ƙirga ƙullinsa uku, ya ce, "Mutuniyata," sannan ya buɗe baki.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Umma. Baba bai sani ba. Yana kwance a asibiti aka yi rasuwar, likita ya ce a dakata tukuna, daga dakatawar nan har yau. Yaya ce ke sa rigar sau uku a rana, ta zauna a gabansa ta yi gum, in ya yi magana ta ce "uhm", ta ba shi abincinsa. Da za ta yi tafiyar nan, da hannunta ta ninke rigar ta danƙa wa Auta.

Ta juyo a fusace.

"Kin sa rigar kuwa?"

"Na sa shekaranjiya."

"Jiya fa?"

Auta ta sunkuyar da kai, tana wasa da abin awon da ke rataye a wuyanta.

"Tambayarki nake. Ina rigar?"

"Tana... tana nan."

"Ɗauko min. Kafin na ɗumama romon nan ki ajiye min ita a kan kujera."

Ta wuce kicin tana huci. Romon kaza da dankalin da ta bari a firji yana nan yadda ta bar shi. Ta juye a tukunya, ta kunna gas, ta yanka albasa ta soya daban har ta kusa ƙonewa, yadda Umma ke yi, don Baba yana gane girkin matarsa tun daga ƙamshin albasa. Ta ƙure wutar saboda sauri, kafin ta ankara romo ya taso yana neman zubewa. Ta kai hannun hagu, don ita bahaguwa ce tun tana yarinya, ta fizgo tsumman sauke tukunya daga jikin ƙusa, ta janye tukunyar gefe.

Sai ta ji tsumman ba irin wanda ta saba ba ne. Sabo ne, mai kauri, an cusa masa soso, an bi shi da ɗinki layi-layi, har da ɗan maratayi.

Ta dube shi.

Shuɗi. Da ƙananan fararen furanni.

"AUTA!"

Ba sai an sake kira ba, Auta tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannu wayam.

"Mene ne wannan?"

Auta ta kafa wa tsumman ido.

"Na ce mene ne wannan a hannuna?"

"Tsumman tukunya ne."

"Na san tsumman tukunya ne, ba makauniya ba ce ni! Da me aka yi shi?"

"Yaya, rigar ta tsufa. Ta fara yagewa a hammata, wuyan ma duk ya ci. Na ga gara a amfana da..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ki tsaya ki ji..."

"In ji me? In ji uban me, Auta? Buhu guda na tsofaffin kaya yana bayan ƙofa! Wandunan Baba, zanen gado, labulen falo, rigunana da na daina sawa, duk na ce ki yanka ki yi jakunkunanki, ki ɗauki hoto ki watsa a waya, 'yan uwanki marasa aikin yi su tafa miki. Na taɓa hana ki? Keken Baba ma da ba na bari kowa ya taɓa, na bar miki shi! Duk bai ishe ki ba, sai rigar da ran tsohon nan yake rataye a jikinta?"

"Yaya, wuta!"

"Wutar ta ci..."

"Hannunki! Tsumman!"

Ashe garin masifa ta saki hannu, gefen tsumman ya sauka a kan gas ɗin da ba ta kashe ba. Har ya kama. Ta buga shi a jikin bango, ta murje da tafin hannu, ko zafin ba ta ji ba. Ƙaurin ƙonannen yadi ya cika kicin ɗin. Ta kashe gas, ta jefa tsumman a kan tebur.

"Ina sauran?"

Auta ta fita, ta dawo da leda, ta zazzage. Tsummokan tukunya guda uku, 'yar jakar zuba cokula, da rigar matashin kujera. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ba zare ko ɗaya da ya leƙo. Kyan nan ne ma ya ƙara tunzura Yaya, don wanda ya yi kuskure ba ya zama ya ƙawata shi haka.

Ta ɗaga rigar matashin tana jujjuyawa.

"Kalmasa biyu. Har da maɓalli. Wannan ba aikin minti goma ba ne."

Ta juyo wajen Auta.

"Ruwa ba ya tsami banza. Kalle ni nan. Kin san abin da kike yankawa ko ba ki sani ba?"

"Na ce miki ta tsufa."

"Ki rantse."

"Yaya..."

"Ki rantse da Allah ba da gangan kika yi ba!"

Auta ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma babu ɗigon hawaye.

"Ba zan rantse ba. Da gangan na yi."

Hannun Yaya ya tashi sama da kansa. Ta tsayar da shi a nan. Shekara goma sha huɗu ta ba yarinyar nan, ita ta goya ta, ita ta koya mata zura zare a allura, ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba sai yau.

"Mare ni," in ji Auta. "Ki mare ni mana. Da rigar Umma a jikinki kike yi min faɗa kullum, yau ki mare ni da naki hannun, ko na san da wa nake zaune."

"Lallai wuyanki ya isa yanka."

"Ya isa. Na gaji ne, Yaya. Na gaji!"

"Kin gaji da me? Da kwanan da kike yi har rana ta fito? Wa ke wanke shi? Wa ke kwashe masa fo? Kwana biyu rak na bar miki shi!"

"Kin san abin da ya faɗa min shekaranjiya?"

"Ba na son sani."

"Sai kin ji. Na sa rigar kamar yadda kika ce. Na zauna na yi gum. Ya laluba, ya ƙirga, ya ci cokali biyar. Sai ya riƙe min hannu ya ce, 'Mutuniyata, wai ina Auta ne? Yarinyar nan ta yar da ni. Ko leƙo ni ba ta yi. Me na yi mata?'"

Yaya ta sauke hannunta a hankali.

"Ina zaune a gabansa, Yaya! Cokali yana hannuna! Ni da nake yanke masa farce, ni da nake aske masa gemu duk sati. In na shiga na ce 'Baba, ni ce Auta', sai ya ce a fitar da baƙuwar nan. In na sa rigar matacciya, sai ya kai min ƙarar kaina. Kuma amsar da kika koya min ita ce 'uhm'. Na ce masa 'uhm', Yaya. Ubana ya ce na yar da shi, na ce masa 'uhm'!"

"Shi ne kika ɗauki almakashi."

"Shi ne na ɗauki almakashi."

"Saboda an taɓa miki zuciya."

"Saboda ƙarya muke yi masa!"

"Rage muryarki."

"Ba zan rage ba! Wata goma sha ɗaya! Mutumin nan ya yi shekara arba'in da biyar da matarsa, ta mutu, ko 'Allah ya jiƙanta' bai taɓa cewa ba. Kowa ya yi mata addu'a, har mai kawo mana gas ya yi mata, ban da mijinta. Wa ya hana shi? Ke!"

Maganar ta daki Yaya a inda ba ta zata ba. Ta dafa tebur. Ba yau ta fara jin wannan maganar ba, sai dai a cikin ranta take jin ta, duk sanda ta idar da salla ta ji shi ta bango yana roƙa wa mutuniyarsa lafiya da nisan kwana. Amma ji daga bakin Auta daban ne, kuma maimakon ta yi sanyi sai wutar ta ƙara tashi.

"Ni ko? Ni na hana shi? Madalla. To bari in tuna miki abin da kika manta, uwar masu gaskiya. Satin da aka sallamo shi daga asibiti, kafin na fara sa rigar nan, kwana nawa ya yi bai ci ba?"

Auta ta kau da kai.

"Uku! Ranar na huɗu muka kwashe shi kamar gawa. Roba suka zura masa ta hanci. Yana fizgewa suna mayarwa, har sai da suka ɗaure masa hannu biyu a jikin gado da bandeji. Baba! Mutumin da hannunsa ne abincinsa, shi aka ɗaure kamar akuya. Yana kuka yana kiran Umma. Ina kike a lokacin?"

"Ina waje."

"Kina waje kina amai a bakin famfo, kin ce ba za ki iya gani ba. Ni na gani. Ni na riƙe masa kai. Likita ya ce in aka sake kawo shi a haka, zuciyarsa ba lallai ta ɗauka ba. Da kunnenki kika ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Kin ji, amma kika zauna kika yi wa ransa kalmasa biyu da maɓalli!"

"Na ɗauka in bai ga rigar ba, yunwa za ta sa ya karɓa daga hannuna. Ko sau ɗaya. A matsayin ni."

"Ya karɓa?"

Sai yanzu hawayen ya zubo.

"Jiya sau shida ina shiga. Ya laluba hannuna, ya ture. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce zai jira mutuniyarsa, ba ta taɓa barinsa da yunwa ba."

"To kin ga aikinki."

"Ke ma ai daɗin abin kike ji," Auta ta faɗa cikin shessheƙa. "Kin zama Umma. Girkinta, zamanta, har tafiyarta kin ɗauka. Ba kya son a ƙwace miki."

Yaya ta yi wata dariya mai ciwo.

"Daɗi? Ke yarinya, Allah ya shirye ki. Kin san rigar nan har yau warin man gashinta take yi? Sau uku a rana nake zura kaina cikin warin uwata. Sau uku a rana nake binne ta. Ke ko ya tambayi inda kike. Ni fa? Tun da aka sallamo shi, kin taɓa ji ya ce ina Bahaguwa? Shi ya raɗa min sunan, a kan cinyarsa na koyi taka keke, amma ni ce wadda ya manta ƙat. Na taɓa ɗaukar almakashi?"

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai muryar Baba ta ratso bango. Siririya, a shaƙe, da ƙyar take fita.

"Mutuniyata...? Na ji ƙamshin albasa."

Su biyun suka daskare.

"Mutuniyata, kin dawo ne?"

Yaya ta share fuskarta da bayan hannu. Faɗa ya ƙare, ba don an shirya ba, sai don babu lokacinsa.

"Ina bakin hannun dama?"

"Me?"

"Bakin hannun rigar, inda ƙullin yake! Kar ki ce min kin zubar."

"Ban zubar ba. Na kasa. Da shi na yi wa ɗaya daga cikin tsummokan baki."

Yaya ta hau birkita su, tana bin gefen kowanne da yatsa. Na farko babu. Na biyu babu. Na uku babu. Ta tsaya cak, sannan ta juya a hankali ta ɗauki na huɗun, wanda ta jefar a kan tebur, wanda ta ƙona da hannunta.

Ta bi gefen da babban yatsa. Ƙulli ɗaya. Ƙulli biyu. Inda na ukun yake, baƙar toka ce ta manne mata a yatsa.

"Wayyo Allah," in ji Auta a hankali.

"Rufe min baki. Kawo reza."

Ta zauna a gaban keken Baba, ta farke bakin tsumman a tsanake, don yadin ya yi laushi, kaɗan zai yage. Ta yanke inda ya ƙone. Ta aika Auta ta zaro mata wata tsohuwar rigarta ta auduga daga buhun bayan ƙofa, wadda wanki ya cinye har taushinta ya yi kusa da na rigar Umma. Launi bai dame ta ba, Baba ba launi yake gani ba. Ta cire bakin hannun dama, ta jona na Umma a wurin, ta mayar da ɗinkin ciki yadda yatsa ba zai ci karo da shi ba. Ta ɗauki rigar matashin ta goga a wuyan rigar da ƙirjinta, ko warin man gashin zai kama.

Saura ƙulli.

Ta buɗe tsohon gwangwanin zaren Baba, ta zaɓo mai kaurin da yake amfani da shi. Sau uku tana kai zare bakin allura yana kaucewa. Auta ta karɓa, ta zura, ta miƙo mata.

"Zai gane," in ji Auta.

"In ya gane, ke kika jawo."

"Ni na yanka. Ban ƙona ba."

Yaya ta ɗago ta watsa mata wani kallo. Ta soka allura kusa da ƙulli na biyu, ta naɗe zaren sau biyu yadda ya koya mata, ta ja, ta datse da haƙori. Ta shafa. Uku a jere, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Ko ita da ta yi ba za ta ce ga nata ba.

Ta zura rigar, ta zuba romo a kwanon Baba, ta murƙushe dankalin da bayan cokali, ta ɗora ƙwayar maganinsa a gefen faranti.

"Kar ki biyo ni."

"Zan tsaya a ƙofa."

"In kika yi ko tari, wallahi sai na..."

Ba ta ƙarasa ba ta wuce.

Ta ja kujera ta zauna a gabansa kamar kullum. Kusa da shi ta ga yadda kwana biyu suka zabge shi, har wuyansa ya fito. Ta ɗebo romo da hannun dama, ta hura, ta matso da hannun kusa da nasa.

"Kin daɗe," in ji Baba. "Wata baƙuwa ta yi ta damuna. Na ce mata ina da mai ba ni."

"Uhm."

Yatsunsa suka hau bayan hannunta, suka gangara wuyan hannu, suka shige cikin bakin rigar. Yaya ta riƙe numfashi.

"Ɗaya," ya ce, yana murmushi.

"Biyu."

Ya kai na uku. Bakinsa har ya fara buɗewa, cokali ya kusa taɓa leɓensa.

Sai ya tsaya.

Ya koma kan na biyu. Ya dawo kan na uku. Ya murza shi tsakanin yatsa biyu, ya sake murzawa ta ɗaya gefen. Murmushin ya ɓace. Yaya tana kallo fuskar ta sauya, ta koma irin ta da, ta telan da ke karɓar ɗinkin yaran shago ya juya cikinsa waje kafin ya ce uffan.

"Wannan ba nawa ba ne."

Romo ya fara ɗiga daga cokalin a kan zanen gado.

"Biyun nawa ne. Wannan an naɗe shi ta hagu." Ya ƙara matse ƙullin. "Mutum ɗaya na sani mai naɗe zare ta hagu. Na yi faɗan har na gaji, ba ta daina ba."

Ya ɗago makafin idanunsa daidai fuskarta.

"Bahaguwa?"

Wata goma sha ɗaya tana jiran wannan kiran. Ta yi niyyar cewa "uhm". Wallahi ta yi niyya. Amma bakinta ya riga ta.

"Na'am, Baba."

Tana faɗa ta san aikin gama ya gama. Hannunsa ya damƙe wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da saura ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba. Ka ci abinci, don Allah. Cokali ɗaya. Ka ga maganinka..."

"Me kike yi da hannun rigar uwarki a jikinki?"

"Baba, ka ci tukuna."

"Wa ya sa wa rigar nan almakashi? Ba ta bari ko wanki wani ya yi mata. Tana ina aka yanka?"

"Ta... ta ɗan fita ne."

"Ƙarya kike. Tun kina yarinya in za ki yi ƙarya sai muryarki ta shige hanci." Ya ture cokalin, ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. "Kira min ita. Ba zan sa komai a bakina ba sai ta shigo ɗakin nan ta yi min magana da bakinta. Magana, ba 'uhm' ba."

"Baba, ka rufa min asiri..."

Motsi ya zo daga bakin ƙofa. Yaya ta waiga da sauri, tana girgiza kai, tana roƙo da ido, amma Auta ta riga ta shigo har tsakiyar ɗaki, fuska jage-jage da hawaye.

Baba ya karkata kunne.

"Waye nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ke wa?"

"Auta."

Yaya ta jira ya ce a fitar da baƙuwar nan, karo na farko a rayuwarta tana addu'ar ya faɗa.

Bai faɗa ba. Sai ya saki hannun Yaya, ya miƙa nasa wajen muryar.

"Auta. Zo nan, 'yar albarka. Ke ba kya iya ɓoye magana, ko an hana ki sai kin faɗa."

Auta ta durƙusa, ta sa hannunta cikin nasa. Bai laluba bakin rigarta ba.

"Faɗa min," in ji Baba. "Ina uwarku?"

"Auta," Yaya ta ce cikin raɗa, "kar ki..."

Auta ta buɗe baki.